Ranar da Lindsay Ya Sayar da Jarinsa

Lindsay Hocking mutum ne da ba za ka taɓa kama shi da laifin da ake kai ƙara a kansa ba, kuma abin da ya fi ba ni haushi da shi ke nan. Ya yi aikin banki a nan Bendigo tun yana saurayi har aka rufe reshensu, aka sallame shi da agogo da kek. Bai taɓa aure ba. Ranar Asabar yana wanke motarsa ko ba ta yi datti ba. Ranar Lahadi da rana kuma ya zo garejina da burodinsa a leda, ya ci na kowa, ya koma gida da nasa.

A garejin nan muke wasanmu shekara da shekaru. Ni Glenys nake jan labarin, abokaina kuma kowa da mutumin da yake taka rawarsa a ciki, 'yan kasuwa masu yawo da kumbo tsakanin taurari. Kuɗinmu marafan kwalba ne da na shafa wa fenti. Lindsay ne ya kawo mana banki da hannun jari da farin allo na rubuta farashi, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, wasan ya ƙara daɗi. Ga hannu a ciniki. Ba wanda ya taɓa ganin ya sayar da abu da asara.

Dokokinmu biyu ne masu nauyi. Abin da ka sani a matsayinka na mutum, mutuminka na wasa bai sani ba. Idan ka ji ni a kicin ina cewa yaƙi zai ɓarke a wata duniya, ba ka da ikon dawowa teburi ka sayi makamai. Sannan duk wanda ya bar teburin gaba ɗaya, kamfaninsa ya rushe, jarinsa ya zama shara. Haka aka yi lokacin da wani cikinmu ya koma Perth.

Warwick Dunstan tsohon direban motar 'yan makaranta ne, a wasa kuma shi ne kyaftin ɗin Tsohuwa Beryl, kumbo mafi lalacewa a sararin samaniya, amma mafi kawo riba. Rabin jarin kamfaninsa na hannun Lindsay. Warwick mutum ne da ke son a zage shi. Idan ya jefa ɗan lido ya fito banza, sai mu yi masa ca, shi kuwa ya riƙe ciki yana dariya.

Wata Alhamis Lindsay ya kai shi asibiti a mota. A hanyar dawowa Warwick ya gaya masa ciwon daji ne, kuma likita ya ce ba sauran abin yi. Daga baya matarsa ta ba ni labarin abin da ya roƙa. Kada kowa a teburi ya sani. A wasan yana da lodin irin shuka da ya shekara yana shirin kai wa manoman wata duniya mai nisa, yana so ya kai shi kamar kullum, ana tsokanarsa, ba ana kallonsa da ido mai ruwa ba. Iyakar abin da ya nema ke nan.

Lindsay ya riƙe bakinsa, wannan kam na shaida.

Ranar Lahadi Warwick ya shigo ya rame, ya ce cikinsa ne ke damunsa. Dimitra, wadda ke da shagon gyaran gashi, ta ce masa, “Tsoho, dama can giya ce ta riƙe maka wando.” Ya yi dariya har da buga teburi. Muka zauna, na buɗe kasuwa kamar yadda muka saba kafin kumbuna su tashi.

Lindsay ya gyara tabarau ya ce, “Zan sayar da jarina na Tsohuwa Beryl.”

“Nawa daga ciki?” na tambaye shi.

“Duka.”

Dimitra ta ce, “Ɗan banki, ka sha wani abu ne? Gobe-goben nan za a kai irin, farashi zai ninka.”

“Ko a rabin kuɗi ne zan bayar,” in ji shi. “Yau nake so.”

Mun san Lindsay, mun san doka ta biyu, mun kuma san wanda ya kai Warwick asibiti. Na ga Dimitra ta dubi allon, ta dubi wuyan rigar Warwick da ya yi masa yawa, sai ta ajiye biskit ɗin da ke hannunta. Ni kuwa sai na dubi Lindsay. Mutumin nan ya zauna a mota abokinsa yana gaya masa zai mutu, shi kuma yana lissafin marafan kwalba.

Na so in hana cinikin, to da wane dalili? Idan na ce ya karya doka ta farko, na tona asirin Warwick da bakina ke nan. Na rubuta sabon farashin a allo, muka ci gaba.

Wasan ya mutu murus. Dimitra ta tashi ta haɗo wa Warwick shayi, ita da ba ta taɓa miƙa masa ko cokali ba. Wani ya turo masa matashi. Da Tsohuwa Beryl ta iso bakin tashar kwastan, Warwick ya jefa ɗan lido ya fito ɗaya, jifa mafi muni da ake yi. Ba wanda ya tsokane shi.

Ya bi mu da kallo ɗai-ɗai. “Yau ba mai zagina?”

“Sake jefawa, Warwick,” in ji Dimitra a hankali. “Kamar ya bugi kofi.”

Bai bugi komai ba, shi ma ya sani. Ya juya wajen Lindsay.

“Aboki, ban gaya wa kowa ba,” in ji Lindsay. “Kalma ɗaya ba ta fito daga bakina ba.”

“Na sani,” in ji Warwick.

Ya tattara 'ya'yan lidonsa cikin 'yar jakarsu, ya kira matarsa ta zo ta ɗauke shi. Ya ƙi yarda kowa ya raka shi bakin titi.

Motar ba ta gama fita daga layin ba Lindsay ya jera marafansa kashi-kashi, ya ɗago ya ce, “Glenys, cinikin dai ya tabbata ko?”

Na ce masa ya ɗauki burodinsa ya fice mini daga gareji. Ya fita yana mamaki, kuma har yau idan muka haɗu a kanti yana tambayata wace doka ce ta ce a kore shi.

Na kira Warwick sau da yawa, na yi masa alkawarin za mu zage shi son ransa. Ya ce zagin da aka shirya ba ya shiga. Ya rasu kafin sanyi ya fita, irin yana cikin kumbo a bakin tashar kwastan.