Jarkar Feshi da Furar Baba

A shekarata ta farko a jami'a na tsani kemistiri. Hadda ce kawai, ka zuba a jarrabawa ka manta. Sai aka kawo mana wata malama mai tambayar tsiya. Duk sinadarin da ta rubuta a allo sai ta juyo ta ce, "Daga ina ya fito, kuma ina za shi bayan mun gama da shi?" Da hutun damina ya zo, ta ce kowa ya zaɓi abu ɗaya a gidansu ya bi sawunsa har ƙarshe.

Na sauka a Tambuwal, na hau mashin zuwa garinmu Fakku ina ta mita. Na zaɓi maganin feshin ciyawa ne don shi ne mafi kusa da hannu.

Baba mutum ne mai tsabta. In maganin ya ƙare, yakan kai jarkar bakin tafki ya dirje ta da toka da yashi har warin ya fita, sannan ta koma ta ruwan sha a gona. A wurinmu abin da ba ya wari ya wanku. Ran nan na bi shi tafki na tsaya ina kallo. Ruwan wankin ya gangara tafki. Can da hantsi shanun kawuna suka zo suka sha. Washegari matar kawu ta aiko mana da nono, Inna ta dama fura, ta ajiye gaban Baba.

Ban san yadda ɗiya ke gyara wa ubanta aiki ba. Sai na durƙusa na ari tambayar malama.

"Baba, ruwan da kuka wanke jarka, ina ya tafi?"

"Tafki mana. Mi anka yi?"

"Wa ke sha a tafkin?"

"Shanun kawunki," ya ce. Ludayin yana hanyar bakinsa, ya tsaya. Ya daɗe yana kallon ƙwaryar.

"Wagga boko taku dai ba ta barin mutum shi sha fura lafiya. To, ina nika zuba shi?"

Na ce a ɗauraye jarkar cikin tankin feshi, ruwan ya koma gona, ita kuma a huda ta.

Da zan koma makaranta na ga jarkar a bayan rumbu, ya farke gindinta da wuƙa. Daɗi ya kama ni. Baban kuma ba ya gida, Inna ta ce ya tafi gonar maƙwabcinmu ya tambaye shi inda nasa ruwan ke zuwa.