Tsofaffin Kwamfutoci Uku da Fuskar Ɗan Gwaggona

Ladan bai rufe baki daga kiran asuba ba muka bar Tajaye, ni da gwaggona, ranar Alhamis ɗin da ta wuce. Wasunku sun tambaye ni dalilin da ya sa na rufe aji na yi ɓatan dabo, to ga yadda aka yi.

Ɗan gwaggon nan tawa taubashina ne, tare muka tashi, kuma tun muna kiwon awaki yake kirana bawansa. Da bazarar nan ya kama hanyar Libiya cirani. Sai labari ya zo cewa motarsu ta lalace a tsakiyar Sahara, an daɗe ba a gano su ba. Wasu sun rasu, wasu an kwashe su zuwa wani asibiti. Wani matafiyi da ya dawo ya ce ya ji namu yana cikin waɗanda suka rasu. Ji ya yi, bai gani ba. Dattawan gida suka ce ba za a bar 'yar mutane a rataye ba, in an sauko daga Juma'a za a zauna makoki, matarsa ta shiga takaba.

Ana cikin haka wani ɗan garinmu da ke zaune Agadas ya bugo waya. Ya ce wani ma'aikacin asibitin ya ɗauki hotunan waɗanda suka tsira ya sa a intanet, don yawancinsu ba su da takarda kuma ba su dawo hayyacinsu ba. Shi ya bar gari tun namu yana goye, ko ya gani ba zai shaida shi ba. Ya karanto mini adireshin shafin harafi-harafi. Ni ne na taɓa yin ɗan horon kwamfuta a Tawa, don haka kowa ya zuba mini ido kamar ni na ƙera ta.

Ban nemi Gwaggo ta biyo ni ba. A bakin tasha na tarar da ita a tsaye, ta yafa mayafi. Taubashina ɗanta na fari ne, tun da ta haife shi ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta, kuma tun da labarin ya zo ba wanda ya ga hawayenta. Na gaishe ta, na tambayi inda ta nufa.

"Kanwa zan saye Illela, Mushe," in ji ta. Haka take kirana, wato malam da Faransanci, tun da na fara koyarwa a lakwal, makarantar boko.

Kanwa kuwa tana nan jibge a kasuwarmu. A raina ma na ji daɗi, don ina tsoron ƙishirwa da rana sun sauya masa kamanni har in kasa gane shi.

Motar kasuwa muka shiga, irin wadda ake ɗora mutum a kan buhu a ɗora akuya a kan mutum. Gonaki duk a share suke, sai kututturan gero, ana jiran ruwan fari. A kowane ƙauye muka tsaya mata ne da tsofaffi suka fi yawa, samari sun tafi. Da ba na lura da wannan, ranar kuwa duk matar da na gani a bakin rijiya sai in ce ko ita ma tana jiran waya. Direba ya ƙara kuɗin mota, ya ce mai ya hau. Wani dattijo ya tambaye shi ko an taɓa yin shekarar da man ya sauka, aka yi dariya, ni dai haƙorana kawai na buɗe.

Da hantsi muka isa Illela, tamu ta Nijar, ba ta Najeriya da ke tsallaken iyaka ba. Akwai wani buro, wato ofis, na masu aikin gona inda na san mai kula da kwamfuta. An lulluɓe ta da zane mai furanni, kuma sai da ya wanke hannu kafin ya yaye. Tsohuwa ce, tsarin da ke tafiyar da ita irin na ƙarshen shekarun casa'in ne. Ya cire wayar tarho ya jona mata, ta yi ta ƙara tana tsuwa har layi ya kama. Na buga adireshin.

Shafin ya buɗe, amma fari fat. A inda hotuna ya kamata su fito sai akwatuna babu komai a ciki, kowanne da ɗan jan gicciye a kusurwa. Can sama aka rubuta da Faransanci cewa nabigatar ɗinmu ya tsufa, a sa sabo. Nabigatar shi ne abin da ake shiga intanet da shi, kuma na wannan kwamfutar tare suka zo duniya. Na ce wannan mai sauƙi ne, don ina da sabo a cikin kile, ɗan abin ajiyar nan da bai fi yatsa ba, wanda na kwafo a Tawa. Na zagaya baya na soka shi. Kwamfuta ta ce ta ga baƙon abu, ba ta san shi ba, a kawo mata faifan da zai gabatar da shi. Mai buro ya zazzage dirowa, ba faifai sai wasu tsofaffin tambura.

Akwatunan nan kowanne mutum ne a kwance, kuma ɗaya daga ciki ƙila namu ne, ga su a gabana amma ba na ganin komai. Gwaggo tana zaune a bakin ƙofa ta ba mu baya, tana kallon wata jaka da aka ɗaure. Da na fito ta dube ni, na girgiza kai na ce inji ne ya ƙi. Ta miƙe ta gyara mayafi.

"Kanwar Illela ba ta da kyau," ta ce. "Mu tai gaba."

Muka fito kwalta muka sami wata motar da ta nufi kudu. A Gidan Idar jandarma suka tsayar da mu, suka sauke wasu samari biyu da ba su da katin shaida, muka yi ta gasuwa a cikin mota ana ciniki a gindin bishiyar bedi. A Tsarnawa kuwa albasa ce ko'ina, buhuna jajaye a jere kamar katanga, warinta har cikin ido. Manoma suna kukan ta faɗi, masu saye suna kukan ta yi tsada. Na sayi fura da nono wajen wata Bafulatana na miƙa wa Gwaggo, ta kurɓa kaɗan ta mayar mini.

Daga nan muka ratse zuwa Malbaza, don akwai wani da muka yi makaranta tare yana aiki a wani ofis, ya taɓa yi mini alfahari da kwamfutarsu. Tun daga nesa ake hango hasumiyar masana'antar siminti, manyan motoci sun yi layi suna jiran lodi. Abokin nawa ya karɓe mu da ruwan sanyi. Tasu kwamfutar ta san kile, wani ya taɓa koya mata. Na ga sabon nabigatar ya fito a allo, na danna, har na fara hamdala. Sai wani ɗan akwati ya faɗo, ya ce wannan nabigatar ba ya zama a kan tsarin da ya tsufa haka, sai an sabunta tsarin gaba ɗaya. Wato ita ma sa'ar ta Illela ce, kwalliya kawai ta fi ta.

Na ce to mu sabunta. Abokina ya zaro ido, ya ce duk takardun ofis suna ciki, kuma shugabansu ya tafi Yamai da makullin kabad ɗin da faifai suke. Na san yana da gaskiya, amma na yi masa faɗa, na gaya masa maganganun da sai da na bi shi da ban haƙuri daga baya. A lokacin la'asar ta yi. Ina lissafin cewa gobe war haka an riga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu, an kwance wa matar taubashina kitso, an cire mata 'yan kunne. Tana da goyo. Kuma in ba mu je da magana tabbatacciya ba, ba wanda zai saurari "ƙila" daga bakina.

Rana ta kusa faɗuwa muka shiga Ƙonni. Garin nan ba ya hutawa. 'Yan kabu-kabu suna ratsa mutane, kwalaben mai a jere a bakin hanya, 'yan canji suna karkaɗa naira a fuskar duk wanda ya sauko daga mota. Muka nufi wani siber da aka kwatanta mini, gidan da ake biya a shiga intanet, muka tarar babu wuta. Wutar Ƙonni daga Najeriya take zuwa, kuma in ta tafi ba ta sallama. Muka kwana gidan wani ɗan'uwa mai sayar da tayoyi.

Da sassafe na riga mai siber zuwa ƙofarsa. Wuta ta dawo. Kwamfutocinsa gwanjo ne da aka shigo da su ta iyaka, dukkansu masu tsohon tsarin nan, har wata da rubutun wata makarantar Turai a jikinta. Guda ɗaya ce sabuwa, ita kuma ta ƙone tun wancan mako da wuta ta zo da ƙarfi. Na gaya masa abin da ya kawo mu. Ya yi salati, ya ce shi ma masu zuwa suna ta ƙorafin shafuka sun daina buɗewa, bai san yadda zai yi ba.

A hanyar Malbaza wani tunani ya zo mini. Sabon nabigatar ɗin nan yana da yayye, waɗanda aka fitar kafin shi, kuma lallai a cikinsu akwai na ƙarshe da ya yarda da tsohon tsari. Bai kai na kile ɗina sabunta ba, amma ya fi waɗanda suka zo da injunan nesa ba kusa ba. Muka shiga nema ni da mai siber, muka same shi a wani lungu na shafin masu shi, muka fara saukewa. Layin yana tafiya kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Ya wuce rabi, fanka ta tsaya, allo ya yi baƙi. Na dafe kai na zauna a ƙasa, ban damu da wandona ba.

Mai siber ya aro janareto wajen mai walda na kusa, muka sake daga farko. Wannan karon ya sauka, kuma da na danna bai kore ni ba. Ya zauna. Na buga adireshi, sai ya ce ba zai buɗe ba, takardar amincin shafin ba ta fara aiki ba tukuna. Na rasa gane wannan magana har idona ya kai kan agogon kwamfutar a kusurwa. Batirin cikinta ya mutu, duk lokacin da aka kunna ta sai ta koma shekarar da aka ƙera ta. Na gyara mata rana da wata da shekara, na rufe duk wani abu da ke buɗe don kada nauyi ya yi mata yawa, na sake bugawa.

Hotunan suka fara sauka daga sama zuwa ƙasa, layi-layi. Sai ka ga bango, sannan gashi, sannan goshi, ka jira ido. Wannan jiran ya fi duk tafiyar wuya. Na farko ba shi ba ne, na biyu ma haka. Leɓɓansu sun tsattsage, fatarsu ta ƙone, duk sun koma kama ɗaya. Can ƙasa aka zo kan wani da ke kwance a tabarma, an sa masa ƙarin ruwa, ya juya rabin fuska. Goshin nasa ne, amma wannan ya girmi taubashina da shekaru, kumatu sun faɗa, idanu a rufe. Na matsa kusa, na ja da baya, wallahi na kasa rantsewa.

Na je ƙofa na ce Gwaggo ta shigo. Akwai maza a ciki, ta tsaya nesa da allon, ta juya gefe kamar mai duban kalandar da ke bango. Ta wutsiyar ido ta kalla, kuma ba ta daɗe ba.

"Gwaggo, shi ne?"

"Tashi mu tai, Mushe, kar mota ta bar mu."

Na so in buga hoton a takarda, injin bugawa ba tawada. Na bi ta a baya ina jin haushinta har wuya. A tasha ta ce in jira ta, ta shiga cikin kasuwa ta dawo da ƙulli a bakin zane. Duk hanya nauyinta ya hana ni sake tambaya. Na yi ta satar kallon fuskarta ina neman alama, ita kuwa tana kallon gonaki. Direba ya tsaya ɗaukar albasa a Tsarnawa, na yi masa tsawa har fasinjoji suka ba ni baki.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Masu gina shafukan nan suna can suna sabuntawa, ba su san akwai garuruwan da duk injunansu suka tsaya a shekara ɗaya ba, kuma wata rana ran mutum ne a bayan akwatin da ya ƙi buɗewa. Yanzu na kwafi wancan nabigatar a faifai, don faifai kowace tsohuwa ta san shi, zan kai Illela da Malbaza. Na kuma gane cewa ko allo ya buɗe, ba kowane ido ne yake iya karanta shi ba.

Ana shirin tafiya masallaci muka shiga Tajaye. An riga an fito da tabarmi an jingine a zaure, dattawa suna zaune, duk suka ɗago suna kallon bakina. Gwaggo ta wuce su da sallama kawai, na bi ta cikin gida. Matar taubashina tana zaune a ƙofar ɗaki da goyonta, an riga an kwance mata kitso, wata tsohuwa a gefenta riƙe da farin zane. Gwaggo ta kwance bakin zanenta ta ajiye ƙullin a cinyar yarinyar. Lalle ne, da ɗan kwalbar turare.

"Tashi ki wanke kanki, a kiro mai kitso," ta ce. "Wancan da kika sani ya rame ƙwarai. Sai ki tanadi gero."