Ranar da Garba ya ja babur kamar linzami

Salamu alaikum jama'a. Ni ban yi boko ba. Faɗa nake jikata tana bugawa, kuma na ce kada ta gyara min magana.

Duk wanda ya san ni a Haɗeja ya san ina ɗingishi. In an tambaya nakan ce ƙaddara, in ja bakina. Yau zan faɗa, don jiya na ga jikana Sale ya karyo kwanar gidanmu da sabon babur, ko rage wuta bai yi ba.

Zamanin Turawa ne, ina saurayi. Yayana Garba yana aiki wurin wani mai awon gyaɗa, sai maigidan ya ba shi babur na zagaya ƙauyuka. A fadama ya koya bayan ruwa ya janye, inda ba bango ba mutum. Shi kuwa tun yana yaro mahayin doki ne.

"Hau baya, matsoraci," ya ce min. "Wanda ya hori ingarma, ƙarfe ne zai gagare shi?"

Kun san lungunanmu, katanga har bakin hanya, ba ka ganin mai zuwa. A al'ada in mai doki ya iso kwana sai ya ɗaga murya, "Gafara dai!" a kauce masa. Garba ya ce gafara dai. Ashe motar gyaɗa ce tafe, ita kuwa ina ruwanta da gafara.

Da ya gan ta bai taka birki ba. Hannun babur ya murɗo baya, yadda ake jan linzami. Jan nan wuta ya ƙara.

Garba bai kai gida da rai ba. Allah ya jiƙansa.

Ni ƙafar hagu ta karye, ƙashi ya huda fata. Mai ɗori ya ɗaure da kara. Sai zazzaɓi, sai kumburi, sai wari, har ƙudaje suka fi 'yan dubiya yawa. Inna tana min fifita tana kau da kai.

Baba ya sayar da shinkafar da muka noma. Irin motar da ta kashe Garba ita ta kai ni tashar jirgin ƙasa, muka tafi Kano.

Aka ɗauki hoton ƙashi. Baturen likita ya yi magana, tafinta ya ce, "Wai ƙafa ta ruɓe. In ba a yanke ba za ta tafi da kai."

Na ce, "Gaya masa da ita na zo, da ita zan koma."

Baba ya ce, "Haba Audu. Na binne ɗaya, so kake in binne biyu?"

Na juya fuskata bango.

Likita ya ja layi da alƙalami ƙasan gwiwata, ya ce ranar da baƙin ruɓar ya haura nan ba zai ƙara neman izinina ba. Kullum allura, kullum kankare ciwo ina cizon zane. Gari na wayewa layin nan nake fara duba, ba don jarumta ba, tsoro ne. Baƙin ya hau, ya hau, ya tsaya saura kaɗan.

Da kaka na shiga, sai da damina na fito, ƙafa ta gajarce.

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa iyayena da masu jinyar nan da alheri, duk sun riga ni.

Kada wanda ya yi koyi da taurin kaina, sa'a na ci. Karayar da ta fito da jini, asibiti tun ranar farko. Wanda ya koyi babur a fili bai iya ba tukuna, sai hannunsa da ƙafarsa sun san birki ba da tunani ba. Kwanar da ba ka ganin bayanta, tsaya ka leƙa. Doki yana da ido, in ka yi wauta shi zai turje. Babur makaho ne.

Sale, makullin babur ɗinka yana ƙarƙashin matashina. Ka zo ka dubi ƙafar nan da kyau, sannan mu yi magana.