Zaren da Yaya Ila Ya Auna

Bana shekara sittin ke nan da rasuwar yayana, Mushe Ila (haka ake kiran malamai da Faransanci), malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tawa, kuma har yau ban san inda kabarinsa yake fuskanta ba.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka zaɓe shi ƙaro karatu a Faransa. Inna ta ce sam. Sai ya ɗauko taswirar ajinsa ya zo da ita gidanmu a Barmu, ya shimfiɗa bisa tabarma. Ya dafe zare a kan Yamai, inda jirgi ke tashi, ya ja shi har Pari, ya tsinke da haƙori.

"Ga iyakar nisan, Inna. Taƙi guda. Jirgi shina cinye shi kwana ɗaya."

"Kai dai da daɗin baki," in ji ta. Amma ta karɓi zaren ta ƙulle a bakin zanenta, ta sa masa albarka.

Sanyin can ya kama masa ƙirji a shekara ta biyu. Da ya cika, hukumar makarantar ta bugo waya: in dangi na son gawa a sako ta a jirgi, su amsa cikin mako guda. Takardar wayar, wato telegiram, ta iso Tawa washegari. To, a lokacin saƙon ƙauye ba a tashin kowa dominsa, sai ranar kasuwa a damƙa wa duk wanda aka gani daga garin. Ma'aikacin da ya karɓa ya jefa ta cikin akwatin tebur. Kasuwa ta ci bai ga ɗan Barmu ba. Ta sake ci ya manta. A ta uku wani mai jaki ya kawo mana ita cikin hularsa.

Ni na karanta wa Inna, ni na fassara, har da zancen mako gudan da ya riga ya wuce. Ba ta yi kuka ba. Ta kwance zaren ta miƙo mini.

"Auna mani daga Tawa zuwa nan."

Na ɗauko taswirar. Wallahi kan yatsana ɗaya ya rufe garuruwan biyu.

Yanzu jikokinmu na latsa salula, ta faɗa musu nisan kowane filin jirgi da ɗan'uwansa kafin a ƙifta ido. Da Yaya Ila na nan, na san shi, da ya yi ta tsalle yana cewa ai ya faɗa. Ni kuwa abin haushi yake ba ni. Sun ce duniya ta matso. Ta matso wa wa? Takarda ta ƙetare teku da hamada a kwana ɗaya, ta kasa tafiyar da jaki ke yi.

Ɗalibansa sun tsufa, ajinsa an rushe. Inna ma ta bi shi lahira, tana tambaya har ƙarshe ko an juya fuskarsa gabas. Ban taɓa samun amsar da zan ba ta ba. Allah ya jiƙansu. Abin da ya rage mini na yayana shi ne zaren nan, kuma ko ɗaurin yatsa bai isa ba yanzu, don asu ya ci rabinsa.