Rigar Nutson da na Saya da Girman Kaina

Shekaruna saba'in da biyu a bana, kuma shekara goma sha bakwai ke nan da faruwar abin da zan ba da labarinsa. A lokacin ina da kantin shadda da atamfa a unguwar Goutte d'Or ta birnin Paris, ina zaune da iyalina a Saint-Denis. Ni mutumin Damagaram ne, kuma har na kai shekara hamsin da biyar ban taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙuguna ba.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona, wanda ke aikin binciken ruwa a Lyon. Tun da ni ne ɗan namiji, bawana nake kiransa, shi kuwa ba ya barin zama ya tashi bai taɓa ni ba. Wata rana muka haɗu wurin suna a Montreuil. Bayan an yi addu'a an raba goro da dabino, ya shiga ba dattawa labarin yadda yake nutso a ƙarƙashin tafki da tulun iska a bayansa. Da ya ga ina saurare sai ya nuna ni da haɓa.

"Wannan ubangidan nawa kuwa, iyakar saninsa da ruwa buta ce. Ko ita ma sai an rage masa."

Aka yi dariya, har da limamin da ya raɗa suna. Na gyara zaman hulata na ce, "Bawana, kafin azumi mai zuwa ya kama, zan sauka inda kake sauka, kana gani." Liman ya ce ya shaida. Da na isa gida na gane nauyin abin da na furta, domin ban taɓa faɗin magana a gaban dattawa na janye ta ba.

Na fara da koyon iyo wata uku a wurin wanka na gunduma, ina riƙe da katakon roba kamar sabon shiga makaranta. Daga nan na karɓi takardar likita na shiga ƙungiyar masu nutso da ke taruwa kowace Laraba da yamma. Malaminmu Bafaranshe ne, tsohon ma'aikacin kashe gobara, mai ƙarancin magana. Ranar farko ya ce kada sabon shiga ya sayi komai sai abu uku: gilashin fuska, bututun shaƙa, da takalman nan masu faɗi irin ƙafar agwagwa. Tulun iska, da abin da ake sa wa a baki a ja iskar, da falmaran mai kumbura, duk ƙungiya ke ba da aro. Ya nuna mini yadda ake gwada gilashi: a ɗora shi a fuska ba tare da ɗaure igiyarsa ba, a ja numfashi ta hanci, in ya manne to naka ne. Sai da na gwada bakwai, kuma sai da na rage gashin bakina daga ƙarƙashin hanci, kafin ruwa ya daina shigar mini.

Na koyi toshe hanci in hura domin kunnuwa su buɗe, na koyi fitar da ruwa daga gilashi ina ƙasa, na koyi maganar hannu. Ruwan wurin wankan da muke koyo da ɗumi, saboda haka da dogon wando da riga marar nauyi nake shiga. Da bazara ta yi na sami takardar mataki na farko.

Saura rigar nutso, wadda ba a shiga tafki sai da ita. Malam ya ce in yi haya tukuna, ko kuwa in jira ya raka ni kanti. Ban jira ba. Shekara ashirin da shida ina auna yadi, ban ga dalilin da wani zai koya mini zaɓen tufa ba. Na je wani babban kanti, mai sayarwa ya dube ni ya miƙo mini wata baƙa mai kauri. Na sha wahala kafin na shiga cikinta, da na dubi madubi kuwa sai na ga kowace gaɓa ta jikina a fili, da tumbina a gaba. Tun ina saurayi ban sa tufar da ta kama ni haka ba. A gidanmu, dattijo yakan sa abin da iska za ta ratsa, wanda zai zauna a cikinsa ba a ga siffarsa ba.

Na ce a ba ni wadda ta fi ta girma da lamba biyu. Mai kantin ya ce ba haka ake yi ba. Ya bayyana mini cewa ruwa kaɗan ne ya kamata ya shiga tsakanin riga da fata, jiki ya ɗumama shi, ya tsaya nan; in riga ta yi yawa, sabon ruwa zai yi ta shiga yana fita. Na saurare shi da ladabi, na biya, na ɗauki babbar.

Sati guda kafin azumi na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon tare da uwargidana. Ranar Asabar taubashina ya kai mu wani tafki a bayan gari, inda ƙungiyarsu ke nutso. Da na fito daga mota cikin rigata ya kalli yadda ta taru a gwiwa da hammata.

"Ubangida, wannan da aska takwas aka yi mata, ko kuwa zuwa gaba za a kai ta wurin mai ɗinki?"

Na ce ya kula da tasa. Shugabar nutson, wata mace mai furfura, ta ja hannun rigar ta ce ba ta so, amma za mu gwada a hankali, kuma in na ji sanyi in faɗa nan take.

Saman ruwan da ɗumi. Muka bi igiya muna sauka. Wajen mita shida sai muka shiga wani ruwa dabam, kamar an buɗe ƙofar firiji. Na ji shi ya shiga ta wuyana ya gangara bayana, duk motsin da na yi sai sabo ya shigo. Haƙorana suka fara kaɗawa a kan abin shaƙa, numfashina ya yi sauri. Na yi niyyar daurewa, amma shugabar ta dubi idona ta ɗaga babban yatsa, wato mu hau. Ko rabin zurfin da aka shirya ba mu kai ba.

Na zauna a bakin tafki cikin bargo, uwargida tana ba ni shayi daga fulas. Na jira ba'a, ba ta zo ba. Taubashina ya zauna kusa da ni ya ce a hankali, "Yaya, babu wanda zai ji wannan daga bakina. In ka so mu ce ka sauka, ai ka sauka." Wannan ya fi mini ba'ar ciwo. Na ce ba zan kai wa liman rabin magana ba.

Uwargida ce ta warware. Ta ce, "Alhaji, kifi ne zai gan ka a ƙasa. Mutane a tudu suke. Ka sa ta jikinka, ka ɗora jallabiya a kai har bakin ruwa."

Ranar Lahadi da safe na yi hayar riga daidai da ni a wurin ƙungiyar. Sai da taubashina ya taya ni jan zik ɗin baya, yana cewa yau bawa ya ɗaure ubangidansa. Na zura farar jallabiyata a kai, na taka har ruwa ya taɓa ƙafata, na cire na miƙa wa uwargida, aka ɗora mini tulu da ɗamarar darma mai ƙara nauyi. Da muka kai wurin sanyin nan na ji shi a fuska da hannu kawai. Muka ci gaba har ƙasa, mita goma sha biyar. Akwai wani tsohon kwalekwale da ya nutse, da dogon kifi mai tsinin baki tsaye a gefensa ba ya motsi. Taubashina ya nuna mini agogon zurfi, ya haɗa yatsa biyu ya yi mini alamar lafiya, na mayar masa.

Babbar rigar na ba wani ɗan ƙungiyarmu mai jiki, na sayi wadda ta kama ni, na yi shekara tara ina nutso da ita, kullum da jallabiya a kai har bakin ruwa. Ranar sallah na gaya wa liman duka biyun, na Asabar da na Lahadi. Waɗanda suka ga wannan da idonsu su ne taubashina, wanda yanzu ya koma Yamai da zama, da uwargidana, da shugabar nutson da ta sa hannu a littafina na rubuta nutso, da wani Bafaranshe mai kamun kifi da ya tambayi uwargida ko baftisma irin ta Kirista ake yi mini.