Yohanna Mai Kwalejin Tsohon Sito

Kullum kafin ƙarfe bakwai Malam Yohanna zai wuce ta ƙofar garejina a Bukkuyum, kan babur ɗinsa mai tari, makullai na kaɗawa a ƙugunsa. Ya ɗaga mini hannu, ni kuma in yi kamar ina neman sifana. Shekara bakwai muna haka. Watan gobe zai yi ritaya, kuma ni Abdulwahabu bakanike, da ban taɓa faɗin alherinsa a majalisa ba, ni ne yau zan jinjina masa, ko da raina bai so ba.

Da gubar dalma ta kashe yara a Yargalma a 2010, mu jimami muka yi ta yi. Shi kuwa, malamin sakandare da ya zo mana daga Kudancin Kaduna, sai ya je ya durƙusa gaban dattawa ya roƙi wani tsohon siton auduga don ya buɗe makarantar koyon sana'a. Wai samari ba za su bar niƙan dutsen zinariya ba sai an damƙa musu wata sana'a. Na kwashe da dariya, na ce, "Mai alli mi ya sani ga injin ban ruwa?"

Ashe ya sani. Ya share siton da hannunsa, ya bi Gwashi da Gummi yana tattaro matattun injuna, ya yi ta safa da marwa zuwa Gusau har aka yarda makarantar ta riƙa ba da takardar shaida. Aka fara walda da ɗinki da gyaran inji. Sau uku yana zuwa garejina roƙon in koyar, ina cewa ba ni da lokaci. Lokaci kam ina da shi, hassada ce kawai.

Ɗana Saminu, shekara goma ina fama ya kama sana'ata, ya ƙi. Ya bi masu niƙan dutse, yana dawowa gida fari fat da ƙura, ga amarya a ɗaki. Tsorona kada jikokina su shaƙi abin da yaran Yargalma suka shaƙa. Na yi faɗa, na yi zagi, a banza.

Yohanna, kai ne ka same shi tsugune gaban injin niƙa da ya ƙi tashi. Waɗanda ke wurin sun ce ba ka yi masa wa'azi ba. Ka ja igiyar, ka ce, "Saurara. Mi injin ga ke faɗi?" Daga nan ya bi ka sito ya koyi gyaran inji. Ni da ranƙwashi nake koyarwa, kai da kunne. Yau manoman fadama wuce garejina suke yi su tafi shagon Saminu, ina zaune ina kallo.

Bara matarsa ta haifi ɗan fari, namiji. Ranar suna na sa sabuwar rigar da na ɗinka na zauna a gaba, don kowa ya san sunan kaka ake sawa. Liman ya yi gyaran murya ya ce, "An samu Yahaya." Na laluba dangi kaf, babu Yahaya. Saminu ya sunkuyo ya ce, "Baba, ai Yahaya shi ne Yohanna da bakinmu." Kwana uku ban amsa gaisuwarsa ba.

Na gode, Malam, Allah Ya saka. Ku kuma masu sana'a irina, in an roƙe ku ku koyar, ku tashi tun ba a ƙwace muku takwara ba. Yaron lafiya lau yake, har ya fara tafiya, ba ya yarda da kowa sai ni. Yanzu a cikin gidana, sunanka nake yini kira.