Barkono a idon tsohon sa

Jiya a kasuwar dabbobi ta Konni, wani tsohon san noma ya durƙushe a hanyar mayanka. Mahaucin da ya saye shi ya ɗebo garin barkono ya shafa masa a ido don ya tashi. Ya tashi kuwa, yana makyarkyata.

Na ce, "Haba ɗana, shekara nawa yana ciyar da mutane? Ba shi ruwa ya huta."

Ya ce, "Baba, wanda ya gama aiki, wa ke lallashinai?"

Ni ma na daɗe da gama nawa aikin, ƙafafuna sun fara gaza.

Jama'a, wanda bai tausaya wa abin da zai ci ba, zai tausaya wa tsoho?